Bencin Baya na Madam Luba

Duk wanda ya bi ta Jambutu a shekarun nan ya san katangar makarantarmu, ko da bai riƙe sunan makarantar ba. Fara ce, an rubuta mata da shuɗin fenti da manyan baƙaƙe: CEP 100%. CEP ita ce jarrabawar gama firamare, wadda mu a nan Garwa muke ce wa sartifika. Kowace shekara in sakamako ya fito a watan Yuli, mai makarantar, Alhaji Muktar Kolo, yakan kira mai fenti ya sabunta rubutun, ya ƙara shekarar a ƙasa. An yi haka sau biyar a jere, daga 2012 zuwa 2016. Ni ne darakta a duk shekarun, bayan na bar aikin gwamnati, kuma na fi kowa sanin yadda ake samo ɗarin nan.

Ba sata muke yi ba, ba ma saye. Abin da muke yi ya fi haka sauƙi. In ajin ƙarshe, wato CM2, yana da yara sittin, sai mu zaɓi talatin da wani abu waɗanda muka tabbata za su ci, mu tura sunayensu. Sauran mu ce su ƙara shekara ɗaya su ƙarfafa. Da yawa ma ba sai mun ce musu komai ba, don ba su da takardar haihuwa, kuma ba a rubuta yaro jarrabawa ba takarda. Mukan aika wa uba wasiƙa da Faransanci ya kawo takardar. Uban yana Ngaundere da shanu, ko yana mayanka tun asuba, uwar kuma ba ta karatu. Wasiƙar ta kwana a ƙarƙashin katifa, mu kuma mun sauke nauyi.

Alhaji Muktar dillalin shanu ne, bai taɓa zama a aji ba, shi ya sa ya gina wa 'ya'yan unguwa abin da shi bai samu ba. Mutumin kirki ne, kuma maganarsa ɗaya ce, da ita yake ciniki. Katangar nan yana kallonta kamar yadda wani yake kallon ɗansa na fari.

Luba Abduljalil kuwa 'yar mahauci ce. An haife ta a 1981, ta huɗu cikin tara. Ta gaya mini cewa abin da ya kai ta makaranta shi ne hatimin likitan dabbobi, wannan shunayyar tawada da ake bugawa a cinyar sa bayan an duba nama. Kullum sai ta tambayi babanta me aka rubuta, kullum sai ya ce bai sani ba. Ranar da ya gaji ya ce wa uwarta, "Kai ta lakwal ta karanta mana, mu huta." Ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, Hausa da Fulatanci kawai, aka zaunar da ita a baya. Shekara uku ta yi a can. Daga baya ta yi makarantar horon malamai, ta jira gwamnati ta ɗauke ta, jiran da har yau bai ƙare ba. Ta zo wurinmu a 2009, da mijinta mai gyaran babur da 'ya'ya biyu, na ba ta aji uku. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, muryarta ba ta da ƙarfi. Kowace shekara takan roƙe ni in ba ta CM2, ni kuma in ce ta yi haƙuri, don ajin na Metir Maxime ne (Metir muke ce wa malami namiji), shi ne gwanin ɗari bisa ɗari.

A watan Agusta na 2016 Maxime ya faɗi da babur a hanyar Figil, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Likita ya ce sai ya yi watanni a kwance. Na kira Luba na ba ta ajin. Ta sa hannu biyu ta karɓi rajistar, ta yi godiya da Fulatanci, "Useko, Baba Direkta," ta fita da sauri kamar za a ƙwace.

Yara sittin da huɗu ne a ajin. Ban leƙa ba sai ranar Talata, 11 ga Oktoba, bayan iyaye uku sun kawo mini ƙara cewa an mai da 'ya'yansu masu ƙoƙari bencin baya.

Ya kamata in faɗi inda na fito, don a gane yadda ƙarar ta yi mini nauyi. A makarantar mishan da na yi, farkon shekarun 1960, kowace Asabar ta ƙarshen wata Fada Aimé yakan shigo da takarda ya karanta matsayin kowa. Na ɗaya ya ɗauki allonsa ya zauna a bencin gaba kusa da taga, na biyu ya bi shi, haka har na ƙarshe ya je ya jingina da bangon baya. Ni ban taɓa wuce benci na biyu ba. Har yau ina tuna ƙanshin tawada a kwalba, da yadda Fada yake ja layi a allo ba ruwansa da ma'auni amma layin ya miƙe. Ina son mutumin nan, kuma da tsarinsa na koyar shekara arba'in. A wurina aji tsani ne, kowa ya san matakinsa.

Da na shiga ajin Luba ban ga teburin malami a gaba ba. Ta ja shi ta kai lungu, ta tara littattafai a kai. Kujerarta tana can baya, tsakanin benci biyu na ƙarshe.

"Madam, me ya sami ajin nan?"

"Lafiya lau yake, Baba Direkta. Kun zo a daidai, yanzu za mu yi dikte, ina karantawa suna rubutawa. Ku zauna ku yi tare da mu."

"Ni zan yi dikte?"

"Ai an ce a zamanin Fada ba ku taɓa yin kuskure biyu a shafi ɗaya ba. Yara su gani, su yi koyi."

Yaran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta nuna mini bencin ƙarshe, inda wata doguwar yarinya ta matsa ta ba ni wuri. Nazira sunanta, shekararta goma sha huɗu, kuma wannan ce shekararta ta uku a CM2 ba a taɓa tura sunanta ba. Na san sunan a rajista, amma in da na gamu da ita a kasuwa ba zan gane ta ba. Ta yago mini takarda daga kayenta, wato littafin rubutunta.

Luba ta je gaban allo ta fara karantawa. Jimla ta farko na rubuta ta daidai. Ana cikin ta biyu injin niƙa ya tashi. Ashe bangon da nake jingine da shi, bayansa shagon niƙa ne, kuma ƙarfe tara mata suke kawo dawa da masara. Na ga bakin Luba yana motsi, ina jin rabin kalma, rabi ya tafi cikin injin. Na ɗaga kai in duba kalmomi masu wuya da ta rubuta a allo, sai na tarar hasken ƙofa ya faɗa wa ɓangaren hagu, ya zama fari fat.

Nazira ta ɗan zunguro ni da gwiwar hannu. "Baba, ku bar fili," in ji ta a hankali. "In injin ya tsaya sai ku leƙa na gaba ku cike."

Da aka gama aka yi musayar takardu don gyara. Nazira ta yi kuskure tara. Ni na yi bakwai. Yarinyar da ta gyara tawa ta rasa yadda za ta yi, ta ɓoye takardar a ƙarƙashin cinya.

Lokacin hutu na ce wa Luba, "Tun yaushe injin nan yake nan?"

"Shekara shida, in ji mai shi."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Waɗanda suke jin sa ba a tambayar su, Baba."

Ta zauna ta bayyana mini yadda take tafiyar da ajin, kuma zan rubuta shi yadda ta faɗa, don ba daga littafi ta ɗauko ba. Kowace Litinin kowane benci yakan matsa gaba da ɗaya, na gaba ya koma baya, saboda kowa ya ɗanɗana injin, kowa ya ɗanɗana allo. A kowane benci takan haɗa mai lissafi da mai rubutu, ta kuma tabbata yaron da Faransanci yake ba wuya yana da maƙwabci mai jin yaren gidansu, ko Fulatanci ne, ko Hausa, ko Mundang, ko Tufuri. Ta yarda su yi raɗa da yarensu minti biyu, sannan amsa ta fito da Faransanci. A zamaninmu da an rataya musu ƙashin akuya a wuya, horon yin yaren gida. In ta ba da lissafi, takan buga tebur yara su rubuta a ƙaramin allonsu, ta sake bugawa su ɗaga. Wannan kowa yana yi. Bambancinta shi ne ba ta kallon waɗanda suka samu. Wurin wanda ya faɗi take zuwa, ta ce, "Nuna mini hanyar da ka bi." Ta ce sau da yawa yaron ya yi tafiya mai kyau, a kwana ɗaya kawai ya ɓata, kuma in ka ce masa "kuskure" ka wuce, sai ya zubar da hanyar duka. Lissafinta kuma na unguwa ne: buhun shinkafar Maga nawa mota za ta ɗauka, kilo nawa na nama ya rage in an cire ƙashi.

"Dikten yau fa," na ce, "me ya sa kika yi shi ƙarfe tara, kin san da injin?"

"Saboda ku, Baba. Kullum sai sha ɗaya nake yi, in mata sun gama niƙa, 'ya'yan mahauta ma sun iso daga kai nama."

Daga nan ta buɗe rajista ta nuna mini sunaye ashirin da shida da Maxime ya yi wa ɗigo da fensir tun bara, alamar ba za a tura su ba. Bakwai suna da takardar haihuwa, an dai ce su ƙara shekara. Goma sha tara ba su da ita. Ta ce tana so ta tura duka sittin da huɗu.

"'Yata, kin san katangar nan?"

"Kullum ta gabanta nake wucewa."

"To ki fara samo takardun tukuna," na ce. Na faɗi haka ne don na tabbata ba za ta samo ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ita mace ce. Ni da Maxime iyakarmu zaure. In mun je gidan mahauci ko ɗan tireda sai mu tsaya a waje mu yi sallama, a ce maigidan ba ya nan, mu juyo. Luba kuwa bayan la'asar takan yafa mayafi ta wuce har tsakar gida, ta zauna a tabarma, ta ɗauki wuƙa ta taya uwar yaro yanka kuɓewa, sai magana ta zo. A wurin iyaye mata ranakun haihuwa suke, ba a wurin maza ba. Sai dai ba da kwanan wata suke riƙe su ba.

Yaron da aka yi jinkirin yi masa takarda sai an bi ta kotu. Likita ya duba shi ya ƙiyasta shekarunsa, a kawo shaidu biyu, alƙali ya yanke. In ba a san ranar ba sai a rubuta ɗaya ga Janairu, shi ya sa rabin tsofaffin ɗalibaina ranar sabuwar shekara aka haife su. Luba ta ce ba ta so. Ta ce takardar da yaro zai riƙe har kabari, a rubuta masa ranarsa ta gaskiya.

Wata Asabar ta zo gidana da Hamida, mahaifiyar Nazira, wadda take sayar da ganda a bakin kasuwa. Bayan gaisuwa Luba ta ce, "Baba, an ce kuna da littattafai da kuke rubuta abin da ya faru kowace rana."

Gaskiya ne. Fada Aimé ne ya koya mana layi uku kowace rana, yanayi da abin da aka gani, ban kuma daina ba. Suna cikin akwatin ƙarfe, shekara-shekara.

"Inna, gaya masa," in ji Luba.

Hamida ta gyara mayafi ta ce, "Ranar da iska ta kayar da babbar darbejiyar bakin kasuwa, ta danne rumfar mai shayi. Ina jin ƙarar faɗuwarta naƙuda ta kama ni. Washegari da hantsi na haihu."

"Wace shekara?"

"To, Malam, in na sani me ya kawo ni?"

Na ɗauko na 2001, na 2002 da na 2003. Darbejiya ba ta faɗuwa sai da iskar farkon damina, don haka na duba Afrilu da Mayu. A na 2002 na samu: Laraba, 8 ga Mayu, iska mai ƙarfi da yamma, darbejiyar kasuwa ta faɗi, ba a rasa rai ba. Na ce mata 'yarta 9 ga Mayu ce, ranar Alhamis.

"Alhamis ce kuwa," in ji Hamida. "Kakarta har Lami take ce mata."

Asabar huɗu muka yi haka. Wata ta ce makon da aka haƙa rijiyar masallaci, wata ta ce kwana uku bayan Babbar Sallah shekarar da kwalara ta shigo. Goma sha ɗaya muka samu ranarsu daidai, sauran muka samu watan. Sarkin pawa, wanda ya yi sana'a da baban Luba, ya sa ƙungiyar mahauta ta ɗauki nauyin takardun kotu, ya kuma tura shaidu. Farkon Disamba yara goma sha bakwai suka sami takarda. Biyu ba su samu ba. Ɗaya ubansa ya kwashe iyalin zuwa Maga aikin shinkafa bai dawo ba. Ɗayar maraya ce, kawunta ya ce ba ya shiga kotu ko da me.

Sunaye sittin da biyu ke nan a kan teburina, suna jiran sa hannuna. Ba zan sa ba Alhaji bai sani ba. Ya zo ranar taron kwamitin iyaye, ya zauna a ƙarƙashin rumfa da carbinsa, aka kira Luba.

"'Yar Abdu," in ji shi, don ya sha sayar wa babanta shanu, "an ce za ki kwashi aji duka ki kai jarrabawa."

"Haka ne, Alhaji, in kun yarda."

"Duka za su ci?"

"A'a."

Ya dube ni, ya dube ta. "Ke da bakinki."

"Ba zan yi muku ƙarya ba. Wasu za su faɗi. Amma babana bai taɓa sayen sa a hannunku ya zubar da rabi ba. Har ƙaho da kofato sai ya san inda ya kai su."

Alhaji ya yi murmushi, don yana son ciniki. "Ni kuma ban taɓa kai ramammiyar saniya kasuwa ba. Sai na kiwata ta tukuna. Shi ne abin da Metir Maxime yake yi."

"Nazira shekara uku ke nan kuna kiwon ta, Alhaji. Yaushe za ta yi ƙiba? Uwarta ta ce bana ce ta ƙarshe, in ba a rubuta ta ba za ta zauna da ita a kan tukunyar ganda."

Wani a cikin iyayen ya yi dariya, ya haɗiye. Alhaji ya ɗan jima yana jan carbi.

"Katangar nan ita take kawo mana yara," ya ce. "Da ita ake biyan ku. Ban hana ki ba. Amma ga mutane suna ji: in ɗari ta sauka daga katangar nan, ke ma kin sauka daga ajin nan. Kin yarda?"

Luba ta shekara bakwai tana roƙon ajin.

"Na yarda."

Alhaji ya juyo wurina. "Metir, kai fa?"

A nan ne ya kamata in ba da labarin injin niƙa da kuskurena bakwai. Ban bayar ba. Na ce, "Yadda kuka ce, Alhaji." Na koma ofis na sa hannu a kan sunaye sittin da biyu. Sa hannun na yi, maganar ce ban yi ba, kuma har yau ina jin ta a wuyana.

Wanda bai zauna a aji mai rufin kwano a Garwa cikin Maris da Afrilu ba bai san zafi ba. Luba ta sa kowane benci ya riƙa kawo ruwa a randar bayan aji bi da bi. Ta je wurin mai injin ta roƙe shi, ya yarda ya riƙa tsayawa rabin sa'a ranar Talata da Juma'a. Ta rataya tsohon buhu a saman ƙofa, hasken ya bar allo. Buhun nan da za a iya rataya shi tun shekara shida da suka wuce. Iyaye biyu suka cire 'ya'yansu daga darasin yamma da ake yi wa 'yan jarrabawa, suka ce Madam ta bar masu ƙoƙari tana bin marasa kai. Ba su yi ƙarya duka ba. Yaran gaba sun saba malami yana kallon su, yanzu sai su juya su same ta a baya. Na gaya mata haka, ta ce ta sani, hannu biyu gare ta.

Jarrabawar ta faɗo cikin azumi. Luba ta raka su har ƙofar cibiyar, ta tsaya tana duba kowa da biro biyu, ta gyara wa wani maɓalli. Nazira ta riƙe takardarta cikin leda kamar za a jiƙa ta, alhali ko hadari babu.

Sakamako ya fito a Yuli. Cikin sittin da biyu, hamsin da uku suka ci. Daga yara ashirin da huɗu da a da ba za a tura ba, goma sha shida suka ci, har da Nazira. Daga talatin da takwas na gaba kuwa ɗaya ya faɗi, yaro mai ƙoƙari da zazzaɓi ya kama ranar lissafi. Kashi tamanin da biyar ke nan da ɗan ɗori.

Alhaji ya zo ofis da mai fentinsa a bayansa, ya ce mai fentin ya jira a waje. Aka kira Luba.

"Metir, bara nawa suka ci?"

"Talatin da bakwai, Alhaji."

"Bana?"

"Hamsin da uku."

Mutum ne da ya ƙirga kawuna duk rayuwarsa, bai buƙaci a yi masa bayani ba. A wannan karon na yi magana. Na ce ko da talatin da takwas kaɗai muka tura, ɗarin ta sauka, tunda zazzaɓi ba ya duba benci.

"Wa ya sani?" in ji shi. "Da an kula da shi yadda aka saba, wataƙila da ya ci da zazzaɓin." Ya juya wurin Luba. "'Yar Abdu, kin yi aiki, ban musa ba. Amma na yi magana a gaban mutane. In na janye ta yau, gobe wa zai karɓi saniya a bakina?"

"Na sani, Alhaji. Ni ma na ce na yarda."

"Maxime ya warke, zai koma ajinsa. Ke ki ɗauki aji ɗaya."

Aji ɗaya a wurinmu shi ne inda ake tura sabon malami ko wanda ya yi laifi. Yara ɗari da goma, wasu ba su daina fitsari a wando ba, ba mai jin Faransanci. Luba ta ce to. Ta je ta kwaso littattafanta, ta miƙa mini rajistar CM2 da hannu biyu yadda ta karɓa. Da ta juya na ga tana share ido da gefen mayafi. Mai fentin ya tafi bai buɗe gwangwaninsa ba, shekarar 2017 kuma ba ta hau katangar ba. A 2018 Maxime ya tura yara talatin da biyar, ɗari bisa ɗari ta dawo da sabon shuɗi.

Ranar buɗe makaranta a Satumba na 2017 na wuce ta ajin Luba. Ta ajiye kujerarta a bakin ƙofa, iyaye mata sun yi layi da yara a hannu. Duk wadda ta iso sai ta ce mata, "Inna, ina takardarsa?" In babu, ta rubuta sunan a wani kaye daban, ta tambayi me ya faru a unguwa ranar da aka haife shi. Da yamma ta aiko mini da tambayoyi ashirin da uku in duba a akwatina.

Na bar aiki a 2019, idanuna sun gaji. Yaran nan da ta karɓa a bakin ƙofa sun isa CM2 a 2022, su saba'in da ɗaya, kowanne da takardarsa, iyayensu mata kuma sun san me takardar take yi. Da aka ce wa wasu su ƙara shekara, matan suka taru a ƙofar Alhaji da takardun a hannu. Dole aka tura duka. Hamsin da tara suka ci. Katangar yanzu tana cewa 83%, kuma yara ba su daina zuwa ba.

Watan jiya na je gaishe ta. Nazira ce ta kai ni a babur ɗinta, yanzu ɗinki take yi kusa da tasha, tana da keken ɗinki biyu. Na sami Luba a ƙarshen aji, zaune a tabarma tsakanin wasu ƙanana biyu, ta riƙe hannun ɗaya suna zana harafi. Furfura ta fara fito mata. Na ce na ji Alhaji ya aiko mata ta koma CM2, tunda Maxime ya tafi.

"Sau biyu ya aiko."

"Me kika ce?"

"Na ce ya bari in yi tunani." Ta share wa yaron hanci da gefen zanenta. "Ina son ajin nan har yanzu, Baba, ba zan ɓoye muku ba. Amma bana ina da goma sha huɗu marasa takarda, kotu kuma sai Disamba. In na tashi yanzu wa zai shiga gidajen? Bayan haka na saba da majina."

Ta matsa ta ba ni wuri a tabarmar, ta ce in na kawo tabarau in duba mata wata rana: uwar yaron nan ta ce an haife shi ranar da motar siminti daga Figil ta kife a kwanar unguwa. Na ce mata ina jin a littafin 2018 take, zan duba in na koma gida.